Motar Amarya Mai Haska Sama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Nafisa ɗakin mijinta ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bar ni ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Funtua. (Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo a duk labarin.) Bayan na sha rana a kan babur shekara da shekaru, Allah ya hore mini mota, irin wadda aka shigo da ita sitiyarinta a dama, aka mayar da shi hagu kafin ta zo hannuna. Da rana lafiya ƙalau take. Amma da zarar magariba ta yi na kunna fitila, duk mai tahowa ta gabana sai ya dinga ƙifta mini wuta, 'yan acaɓa kuwa har daƙuwa suke watso mini. Ni a zatona hassada ce kawai.

Da abin ya ishe ni sai na je wurin Sabi'u mai gyaran wutar mota. Ya leƙa fitilar, ya goge hannu a riga, ya ce, "Malam, ba ƙarfin wuta ba ne. Irin wannan fitilar mai ƙwallon gilashi, a cikinta akwai wani ɗan farantin ƙarfe da ke yanke haske. An yi ta ne don ƙasar da ake bin hannun hagu, shi ya sa take ɗaga haske daidai idon mai tahowa. Ka bar mini ita kwana biyu in gyara yankan."

Na dube shi. Mutumin da ko firamare ban tabbata ya gama ba, wai shi ne yake yi mini bayanin haske. Ni da nake cin abinci da haske. Na ce masa zan dawo, a raina kuwa na riga na sallame shi.

To, ga abin da ya sa gyaran ya zame mini dole. Surukina Alhaji yana Malumfashi, manomi ne, kuma ya daɗe yana tuƙa babbar mota yana kai auduga kudu kafin ya ajiye. Ba ya ƙina, amma bai taɓa ɗaukata mutumin da za a damƙa wa aiki ba. Shekarata tara da auren 'yarsa Saude. Duk bikin da aka yi a gidan, wani suruki a ba shi rumfa da kujeru, wani a ba shi yanka, ni kuwa sai a ce, "Malam ya zauna ya huta." Wanda bai san zafin wannan hutun ba, bai yi surukuta ba. Sai ga shi ana sauran mako guda bikin Nafisa, ƙanwar Saude, na durƙusa ina gaishe shi, ya ce, "Malam, motarka ce za ta ɗauki amarya. Kai ne a gaba." Wallahi har na iso Funtua bakina bai rufu ba. Na ƙudura a raina cewa motar da za ta ja ayarin 'yar Alhaji ba za ta tafi ana zaginta a hanya ba.

Ranar ɗaurin aure da sassafe na kalli wani bidiyo a waya (ban kai ƙarshensa ba, na ga ai na gane), na kwance fitilun biyu. Bidiyon ya ce sai an ɗumama su kafin danƙon da ya riƙe murfin ya saki. Na ɗauko madambacin Saude na ɗora a wuta.

Ta ce, "Malam, madambacina ne fa."

Na ce, "Ki bari, ilimi ake yi."

Da tururi ya ratsa su murfi ya buɗe, sai ga ɗan farantin nan tsaye tsakanin ƙwan fitila da ƙwallon gilashi, ya tare rabin ƙasa. Na yi wata 'yar dariya ta masana. Ashe duk matsalar ke nan. Faranti ya tare ƙasa, ina haske zai bi in ba sama ba? Ai sai idon mutane. Waɗanda suka ƙera motar sun yi shirme, Sabi'u ya bi su a kai. Na cire shi na juya shi, na mayar da shi ya tare sama. Ramukan kusoshin suka ƙi haɗuwa, wanda ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani, amma ni sai na samo waya na ɗaure shi tamau. Na mayar da fitilu, na kunna a gaban bango da tsakar rana, na ga wuta ta kawo. Na yi wanka na sa babbar riga muka kama hanyar Malumfashi.

Sai bayan magariba mata suka fito da amarya. Gidan angon yana wani ƙauye gaba da Ƙarfi, sai an sauka daga kwalta an bi burji. Saude ta zauna a gaba. A baya ga Nafisa a lulluɓe tana ta kukan amare, kusa da ita Gwaggo Laure, ƙanwar Alhaji, mace mai baki kamar reza. Motoci biyar suka jeru a bayana.

A cikin gari hasken shaguna ya rufa mini asiri. A kan kwalta na samu wata babbar mota na liƙe wa jajayen fitilunta na baya. Muna sauka burji, sai duniya ta bayyana mini yadda ban taɓa ganinta ba. Ina ganin kan itatuwa tar, har jemagu ina iya ƙirgawa a reshen mangwaro. Hanya kuwa baƙi ƙirin. Na danna doguwar wuta, babu abin da ya canza, tunda farantin da ya kamata ya motsa na ɗaure shi da waya. Wani mai babur ya taho ya kare fuska da hannu, ya ambaci mahaifiyata ya wuce.

Gwaggo Laure ta ce, "Malam, tsamiya kake nema mana ko hanya?"

Na ce, "Haka irin wannan fitilar take, Gwaggo, ta zamani ce."

Saude ta matso ta ce a hankali, "Don Allah ka tsaya wata motar ta shiga gaba."

Nan ne ya kamata in tsaya, na sani. Amma Alhaji ya ce ni ne a gaba. In na bari wani ya wuce, kafin safiya labari ya kai masa. Na manne fuska da gilashi, ina tafiya kamar mai bin jana'iza, gumi na bin bayana, ina karanto duk addu'ar da na haddace. Fitilun na bayana ma ba su taimaka ba, inuwar motata kawai suke jefa mini a gaba.

Akwai wani siririn kwalbati a kan magudanar ruwan 'yan lambu. Ban gan shi ba. Na dai ga ɗorawar da ke gefensa da kyau. Sai ji na yi gaban mota ya tafi ƙasa, tayoyin gaba biyu cikin taɓo, baya ya ɗaga. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo. Kuma a lokacin ne, da mota ta yi goho, fitilata ta haska ƙasa a karon farko.

Na tare hanya, ba gaba ba baya. Mutanen ƙauye suka fito, aka kawo shanun huɗa biyu aka ɗaura igiya aka jawo ni. Kafin nan wani ɗan neman lada ya riga ya buga wa Alhaji waya. Ya iso a bayan babur, ya sauka bai dubi kowa ba, ya fara tambayar lafiyar mata. Sannan ya tsaya a gefen mota ya ce in kunna wuta. Na kunna. Ɗorawa ta haskaka tun daga tsakiya har ƙoli.

Ya ce, "Wa ya taɓa fitilar nan?"

Sunan Sabi'u ya zo mini har kan harshe, Allah ya gafarta mini. Saude ta riga ni. Ta ce, "Baba, a madambacina aka dafa ta."

Na durƙusa a gabansa, babbar rigata duk taɓo, na shiga bayani. Na ce faranti ne na tarar ya tare ƙasa, na mayar da shi sama don haske ya sauka. Ina cikin kwatantawa da hannu, sai wata murya ta fito daga cikin lulluɓi. Amarya ce, wadda tun la'asar ba ta ce uffan ba sai kuka, wadda kuma ta zauna a gidana shekara uku tana karatu a ajina.

Ta ce, "Yaya Malam, ba kai ka koya mana ba? Da kyandir da gilashi mai tudu, ka ce hoto juyewa yake yi, ƙasa ta koma sama. Har ka cire mini maki biyu da na manta."

Sai abokan ango suka fashe da dariya. Masu shanu da ba su san kan zancen ba su ma suka taya su. Gwaggo Laure ta mintsini amarya don ta koma kukanta, amma ita kanta kafaɗunta rawa suke yi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban ko yi sallama ba.

Alhaji bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya juya wurin abokin ango mai mota ta biyu ya miƙa hannu, aka sa masa makulli. Aka mayar da Nafisa da Gwaggo can. A wajenmu uba ba ya kai 'yarsa ɗakin miji, ko ƙofar gida ba ya leƙowa in za a fita da ita, don kunya. Ranar nan dattijon da kansa ya tuƙa 'yarsa har bakin ƙauyen, ya sauka a nan ya juyo, saboda surukin da ya amince wa sau ɗaya tak a shekara tara ya jefa ta a rami. Ni kuwa babur aka sa a gabana, na bi 'yar fitilarsa har Malumfashi.

Ranar Litinin na kai wa Sabi'u mota. Ya buɗe ya ga wayata, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kwana uku yanzu, Malam." Na ce to.

Har yau Alhaji bai taɓa tayar mini da zancen ba, bai kuma sake sa ni komai ba. Abin da na samu a ciki bai taka kara ya karya ba, amma ga shi: yanzu in ina koyar da darasi a aji, nakan ɗan saurari abin da nake faɗa, tunda ashe a ajin nan kaf ni kaɗai ne ban ji ba.