Yadda Ake Cin Amanar Gari da Motar Share Ƙanƙara

Kai da aka zaɓa shugaban hanyoyin ƙaramar hukumarmu, zauna ka ji. Na tsufa ina tatsar shanu a karkarar Wisconsin ta ƙasar Amurka, ban yi nisa a boko ba, amma shugabanni sun zo sun wuce a gabana. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ka gama riƙe shebur a duniya.

1. Fara da ƙofar gidanka

Dusar ƙanƙara ta sauka, motar sharewa ɗaya gare mu. Tura ta gidanka, sai gidan surukarka, sai na wanda ya kawo maka cinyar barewa. In an tambaya, ka ce gwada inji ake yi.

2. Koyi shan kunu

Delbert Krueger, wanda ka gada, gwani ne a nan. Lorraine, mai garken shanu a ƙarshen hanya, ta tare shi a shagon kofi.

"Delbert, tankar madara ta kasa shigowa, tatsar jiya zubar da ita na yi. In na sake, kamfanin cuku zai sallame ni."

"Haba Lorraine, motar ce ba lafiya."

"Allah sarki. Ba ita na gani tana share wa karenka wurin fitsari ba?"

Ya kurɓi kofinsa. Haka ake yi.

3. Raba gari biyu

Masu zaɓenka hanyarsu fes, sauran su ji a jikinsu. Kada ka ji tsoro. A coci ɗaya kuke zama, kowa na jin nauyin kai ƙarar maƙwabcinsa. Da wannan kunyar tasu za ka ci abinci.

4. Ranar zaɓe

Nan wayon Delbert ya yi yawa. Gari ya waye ƙanƙara ta toshe hanyoyi, sai ya share wa mutanensa kaɗai don sauran su kasa fita. Mutanensa suka ga hanya ta buɗe, suka ɗauki ƙugiya suka tafi kamun kifi a daskararren tafki, suka manta da zaɓe. Lorraine kuwa ta ɗaura wa tarakta tirelar ciyawa, ta bi gida-gida tana kwasar waɗanda aka toshe, har da tsohon da sai an ɗaga shi.

Ta iske Delbert a bakin wurin zaɓe, ta ce, "Matsa, ranka ya daɗe, kaya za mu sauke."

Delbert ya sha ƙasa a zaɓen. Tun ranar ba ta sake zubar da madara ba.

Gargaɗi

In ka bi maganata aka yi waje da kai, ban san ka ba, ban aike ka ba. Ni ma a bayan tirelar nan na zo, kuma har gobe taraktar tana tashi.