Sadakar Tururuwa a Filin Asibitin da Ba a Gina Ba

"Gwaggo Atine, ki ji tsoron Allah, wa ya shuka gero a hilin gwamnati?"

Na ce, "Manu, ka gan ni da kalme? Ka ga sawuna? Sauke muryarka, ni na yi maka wankan jego da uwarka."

Jama'a, da wannan aka tashe ni yau ko koko ban sha ba. Manu ɗan ƙanena ne, shi aka ba gadin filin da ke bayan gidana a nan Bukkuyum, har da hula mai baki. Filin kuwa ƴar gonata ce, da ita nike ci. Bara Mai Girma Sarkin Alkawari, Allah ya ƙara wa rigarsa faɗi, ya zo da motoci ya ce asibitin haihuwa za a gina mana. Munka yi guɗa har muryata ta dushe. Katafila ta kankare ƙasar tas, ta bar ta ja wur kamar kan jariri. Aka dasa dutse guda, aka ɗauki hoto, aka sha lemo, aka tafi. Aka kuma ce duk wanda ya yi shuka a wurin sai ɗauri.

To ni zaman banza ya sa na koma kallon filin, kuma wallahi na ga ma'aikata. Kiyashi sunka fara zuwa, tun ranar biki, sunka lashe lemon da manya sunka zubar. Cinnaku sunka biyo baya sunka tare ƙarƙashin dutsen Mai Girma, kun ga ko ba komai an haihu a asibitin. Da ruwan farko ya sauka sai ga iyayen tururuwa masu fiffike, kowace ta karya fiffikenta ta haƙa rami ta shige. Ba kwamiti, ba jiniya. Kafin wata ya juya sun fitar da hanyoyi sumul, sun fi wadda aka yi mana alkawari zuwa Gummi, wadda har yau ɗan kabukabu ke salati in ya hau ta.

Ina kallo sai na lura, in suna jan ƙwayar ciyawa wata takan suɓuce a hanya, wata su watsar a bakin rami, ruwa na taɓawa ta tsiro. Na ce ikon Allah, ashe su ba a hana su noma ba!

Kun dai san tun kakanni, mai buƙata takan zuba wa tururuwa hatsi sadaka. Ni kuwa buƙatuna yawa gare su: ga ciwon gwiwa, ga jikata Fatiha da ke jiran haihuwa ba asibiti. Sai na riƙa tsayawa daga bakin iyaka ina watsa gero da kyakkyawar niyya. Irin shukata ne mai kyau, don ba a sadaka da ruɓaɓɓe. Yanzu ga shi nan kore shar, layi-layi bisa hanyoyinsu, ya kai gwiwa.

Manu ya ce, "Wagga dabara ce, ba sadaka ba! Sare shi zan yi."

Na ce, "Sare. Amma ka fara zuwa wurin Malam Haris liman ka ce mishi kai ne mai sare sadaka, in ji abin da zai ce maka ran Juma'a."

Ya cire hula ya sosa kai. "To in manya sunka zo mi zan ce?"

"In sun zo? Ɗan nan, in gerona ya jawo su garin ga, ai ni za a ba hular."

"Zan kai ƙara, Gwaggo. Wanda duk ya zuba ko ƙwaya guda sai ya amsa."

"Madalla. To ka fara daga gida. Wancan na kusurwar gabas mai farin fure, ka ɗauka ciyawa ce? Riɗi ne. Matarka Hure ta zuba, wai tana roƙon Allah ya sa a biya ka aikin gadi."

Ya dube ni, ya dubi filin ta kan katanga. Sai ya juya fuu, ya fizgo ƙyauren gidana na langa-langa ya buga garam, har kajina sunka watse.

Ƙyauren nan tun rasuwar Malam maigidana bai taɓa rufuwa daidai ba, sai yau ya zauna daram. A rubuta, ma'aikacin gwamnati ya kammala aiki guda a unguwarmu.