Ni da Ciyar da Gizo

Har gobe ban yarda laifina ba ne, laifin rediyo ne. A shekarun fari, lokacin mulkin soja, ina ɗinki a unguwar Maourey, akwai wani gizo-gizo a kusurwar shagona mai kama mini ƙudaje. Rannan na ji likita a rediyo yana cewa nama kaɗai ba ya riƙe jiki, sai an haɗa da wani abu. Na dubi gizona, ƙafafu kamar zare. Sai na daka ƙuli-ƙuli da sukari na zuba masa a kan kantar shago.

Maƙwabcina Hamani ya ce, "Maigida, mutane ba su ƙoshi ba, kai gizo kake kiwo?"

Na ce, "Kai me ka sani?"

Gizo ko kallo bai yi ba. Cinnaku ne suka zo, suka tare cikin wandon wani soja mai muƙamin ajidan da na ninke a ƙasan kantar. A shagona ya gwada shi. Ya yi rawarsa, ni kuma ya sa ni tsallen kwaɗo a gaban 'yan kasuwa.

Yau ko ƙuda ya faɗa shayina, sai Hamani ya ce, "Likita, a kai wa majinyacinka?"

Ni dai na sani, gizon nan ya rame.