Akwatin da Biskit Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, Bohuslav Kadlec na garin Písek, tsohon malamin tarihi, yana sanar da masu wasan ɓoyo da nema rasuwar koren akwatin ƙarfen nan na gindin tsohuwar bishiya, gaba da gadar katako. Ya rasu yana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki.

Matar Bohuslav, Ludmila, ce ta ɓoye shi da hannunta, ta sa lambobin wurin a intanet, don masu nema su bi da wayoyinsu, su gano shi, su sa hannu a littafin da ke ciki. Ita ta cika shafin farko. Tun bayan rasuwarta, shafin nan ne ke kai Bohuslav daji kowace Lahadi.

Mamacin mai riƙon amana ne. Ya sha ƙanƙara, ya sha ruwan sama, bai taɓa barin ɗigo ya taɓa takarda ba. Ba shi da surutu. In an buɗe shi ya ce ƙiii, in an rufe shi daidai ya ce ƙwas.

Ajalinsa ya zo ta hannun wasu sababbin shiga uku, manya da gemunsu. Suka saka masa biskit mai zuma, wai kyauta ga mai zuwa bayansu, suka ɗora murfi sama-sama, suka sa hoton aika-aikarsu a intanet suna washe baki. Aladun daji ba sa bukatar lambobi, hanci ya ishe su. An tsinci gawar a rafi. Littafin ya zama kunu, har da shafin farko.

Ya bar fensir guda, da sojan roba marar kai, da tsoho ɗaya.

Mai makoki Bohuslav ya karantar shekara talatin, ya san jahilci yana warkewa, ko da yake a hankali. Saboda haka sabon shiga ya saurara. In waya ta ce saura taku goma, a mayar da ita aljihu a yi aiki da ido. Wanda ya nema bai samu ba ya rubuta bai samu ba. Bohuslav kansa, a neman wasu akwatunan, sau bakwai yana komawa gida hannu wofi, bai mutu ba. Kada a saka abin ci. A danna murfi har ya amsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a gindin bishiyar. Mutum ukun nan su zo, su za su yi haƙa. Daga nan za a ajiye sabon akwati da sabon littafi. Kowa ya fara rubutu daga shafi na biyu.