Ranar da Aka Yi wa Ƙasar Alhaji Mas'udu Wanka

Idan ana lissafin masana ƙasar noma a Gusau, to a fara da Alhaji Mas'udu, sannan a tsaya a huta, don babu na biyu. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Bawan Allahn nan ya yi karatu mai zurfi, kwana uku cur a taron bita a wani otal, har da shayin safe da na la'asar. Ya fito da jaka mai tambari da takardar shaida wadda ya sa a gilas ya rataya a falo. Tun daga ranar 'yan majalisarsu a Sabon Gari suka laƙaba masa Furofesan Taki. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai taɓa tsayawa ya ji dariyar da ke biyo baya ba.

Shi kansa takin, a gaskiya, ba su taɓa gaisawa ba. Furofesa mutum ne mai farar shadda. Yana da gonar gado a Wanke, inda yake kai ziyara sau biyu a shekara, ya tsaya a bakin iyaka ya tattare babbar riga, ya nuna wa 'yan ƙwadago inda rana take fitowa. Daura da tasa akwai ta yayarsa, Yaya Jummai, wadda ba ta je taron kowa ba. Ita dai da rani sai jidar juji da toka da kashin awaki, in tafki ya ƙafe ta sa a kwaso mata baƙar lakar gindinsa a kan jaki. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ba Furofesa kunya.

Ana nan sai ga wata Malama Nusaiba daga wata jami'a, tana tara ƙasar gonaki daga Tsafe da Bungudu da karkarar Gusau. Ta tara manoma ta yi musu bayani dalla-dalla. Ta ce a cikin kowane dunƙule na ƙasa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna cin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba suna mayar da su abincin shuka. Kowannensu yana da ɗan kitse a jikinsa. Wannan kitsen za su tatso a ɗakin bincike su auna, ƙasar da ta fi kitse ita ta fi rai. Gonar da ta zo ta ɗaya za ta zama gonar gwaji, sunan mai ita ya shiga littafin rahoto. Kowa ya kawo mudu guda daga inda yake shuka.

Cikin wannan dogon bayani abu biyu kunnen Furofesa ya kama: suna a littafi, da ƙwayoyi. Na farkon ya shiga ransa ya yi kane-kane. Shekara nawa yana jiran ranar da za a buga Mas'udu da baƙaƙe, a karanta shi a inda ba a san shi ba! Ya miƙe ba tare da an kira shi ba.

"Jama'a, abin da yarinyar nan ta faɗa daidai ne, na tabbatar. Mu da muka yi karatun abin mun daɗe da saninsa. Kowa ya kawo tasa, amma ina ba ku haƙuri tun yanzu. Gasa ce ta ilimi, ba ta ƙarfin damtse ba."

Washegari ya je Wanke ya sa aka haƙo masa mudu guda. Da ya leƙa sai da ya ja da baya. Subhanallahi! Ƙasa baƙa wuluk, ga saiwoyi, ga guntun kara, ga kashin akuya har uku da ruwa ya gangaro da su daga gonar Yaya Jummai. Can kuma ga tana, tsutsar ƙasa, ta ɗago kai tana miƙa. Wannan ce za ta je jami'a da sunansa a jiki? Ko hatsi za ka ba baƙo ai sai an sheƙe an bakace. Ya rufe mudun da hankici ya kama hanyar gida ransa a ɓace.

Aikin ya faɗa kan matarsa, Hajiya Sa'adatu. Aka tankaɗe ƙasa da rariya, aka tsince duk wani abin kunya. Aka zuba ruwa aka wanke, baƙin ruwa ya malale ta rariyar tsakar gida. Furofesa yana zaune a kujera yana ƙirga. Wanki ɗaya, biyu, har bakwai, sai da ruwan ya fito garau.

"Alhaji, ni fa ban taɓa jin an wanke ƙasa ba," in ji Hajiya, tana yarfe hannu.

"Da kin taɓa ji ai da ke ce Furofesa. Kin ji dai an ce akwai ƙwayoyi a ciki. Ƙwayoyi, Hajiya! So kike a sa na'ura a gan su a ƙasata, a ce gidan Alhaji Mas'udu ba a san tsafta ba?"

Don a gama da ƙwayoyin gaba ɗaya, aka aro kaskon maƙwabciya mai suyar gyaɗa. Aka ɗora a wuta, aka yi ta juyawa har ƙasar ta daina hayaƙi ta koma fes, tana ƙyalli. Furofesa ya ɗura ta a kwalba mai murfi, ya rubuta sunansa da duka laƙabobinsa a jiki. Ranar miƙawa ya ga Yaya Jummai ta kawo tata ƙulle a tsohon zane, har da danshinta, ya kau da kai kamar bai san ta ba.

Mako shida aka yi ana jira, kuma ba wanda ya sha wuyar jiran kamar 'yan majalisa. Kullum sai sun ji yadda za a tsara gonar gwaji, da inda baƙi za su ajiye motoci. Wani dattijo ya ce masa ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Furofesa ya ce ai ta riga ta yi.

Ranar sakamako ya riga kowa zuwa, ya zauna a sahun gaba ya baza riga a kujera biyu. Malama Nusaiba ta fara daga ta uku, wani manomi daga Bungudu. Ta biyu, wani daga 'Yankuzo. Furofesa ya gyara hula, ya ɗan ɗaga daga kujera don kada miƙewa ta yi masa nisa.

"Ta ɗaya, gonar Inna Jummai ta Wanke. Ƙasarta cike take da rai."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Yaya Jummai ta rufe baki da mayafi tana faɗin, "Ni? Mi niy yi?" Shi kuwa Furofesa ya tsaya a tsakani, bai miƙe ba bai zauna ba. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, har gumi ya keto masa. Amma babban mutum ba ya faɗuwa shiru.

"Malama, akwai kuskure. Gonar nan da tawa uba ɗaya ya bar mana, kunya ɗaya ta raba su. Ina sakamakon tawa?"

"Yanzu zan zo kanta, Alhaji," in ji Nusaiba cikin ladabi. "Kafin mu auna ƙasar kowa, sai mun gwada na'ura da yashin da babu komai a cikinsa, don mu san daga inda awo ya fara. Yini guda muke yi muna wanke shi muna ƙonawa. Taka ta hutar da mu. Ba mu sami ko ɗigon kitse ba, ko alamar wani abu ya taɓa rayuwa a ciki. Da ita muka gwada ta kowa, don haka sunanka yana kowane shafi."

Furofesa ya ji kowane shafi, sai fuska ta washe. Ya juyo ya dubi jama'a, ya gyara murya.

"Kun ji ko? Kowane shafi! To a wane matsayi, Malama? Faɗa da ƙarfi na baya su ji."

Ta duba takardarta, ta faɗa da ƙarfi kamar yadda ya nema.

"Sifiri, Alhaji."