Jijiyar Nailan da Na Ɗinka wa Yaya Habu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je koya wa likita aikinsa ba, ni da ko allo ban gama ba. Tela ne ni a Fagge, ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, kuma a lokacin gani nake duk Kano babu mai kai irin nawa.

Yayana Habu ne ƙafa ta matsa wa. Daga Fagge zuwa Sabon Gari sai ya zauna sau uku, babban yatsansa har ya fara baƙi. A asibiti wani nas ɗan Sabon Gari, Mista Okoro, ya yi mana tafintar bayanin likita, wani Bature. Ya ce jijiyar da ke kai jini ƙafar ta toshe, za a tura shi babban asibiti a kudu a yi wa jinin sabuwar hanya: ko a ciro wata jijiya daga ƙafar tasa, ko a sa wani bututun yadi na Turai. Likita ya fi son jijiyar, wai jiki ya san abinsa, na yadin kuma yakan toshe da wuri.

Na taɓe baki. Na ce wa Yaya, "Telan banza ne ke yankar gindin riga ya yi mata maho. Kada ka yarda, sabon yadi za a sa maka." Ya kuwa ƙi tafiya.

Mako biyu aka yi ana lallashinsa. Da na ji sai an aiko da bututun daga Ingila, sai na shiga kasuwar Sabon Gari na sayi farin nailan, na hau keken ɗinki na ɗinka nawa (har da kalmasa a baki biyu, don Allah ku ji rashin hankali).

A gaban majinyata na miƙa wa Baturen, ina gyara hula. Ya jujjuya shi, ya yi magana. Mista Okoro ya toshe bakin bututun guda da yatsa, ya ɗura ruwan buta ta ɗayan. Kowane ramin allura ya yi tsartuwa, ruwan ya sauka a kan takalmina.

"Malam Tela," in ji Mista Okoro, "likita ya ce ɗinki ya yi kyau. Ya ce kuma mako biyun nan sun cinye yatsan."

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da jijiyarsa aka yi aikin. Ƙafa ta tsira, yatsa ya tafi. Yaya bai taɓa zagina ba. Ya dai karɓi bututun ya mai da shi mazagin wando, kuma duk baƙon da ya tambayi yatsa sai ya ɗaga riga ya ce, "Aikin ƙanena ne, likitan Fagge."

Tun daga nan na gane inda ilimina ya tsaya: daidai ƙugun wando.