Yadda Karya Ta Kama Ƙaryar Alhaji Sallau

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Alhaji Sallau mai yadi. Mutumin kirki ne, in ya auna maka yadi biyar to biyar ɗin ne cif. Labarinsa ne dai ba ya aunuwa. In ya ga ɓera da safe, kafin azahar ya zama gafiya, kafin la'asar ya zama kura. In kuwa aka bar shi har magariba, to da zaki ya yi kokawa. 'Yan majalisar ƙofar shagonsa sun san shi kamar yunwar cikinsu. In ya ɗauko labari, sai amininsa Malam Ɗanliti ya ce, "Alhaji, a rage mana kamu ɗaya mana."

Ya ce, "Wallahi ko taƙi ban ƙara ba."

To Alhaji yana da 'ya, Zulai, likita ce. Aiki ya kai ta ƙasar Sikotlan, can arewacin Birtaniya, wani ɗan ƙauye da ake kira Gilantora. Rannan ta aiko wa iyayen da tikitin jirgi, ta ce su zo su yi mata wata guda. Abin nema ya samu! Alhaji ya ɗinka manyan riguna bakwai, ya yi sallama da majalisa kamar mai tafiya yaƙi, suka ɗaga, shi da matarsa Hajiya Kulu.

Shi a zatonsa duk Turai benaye ne har sama. Da suka sauka daga jirgi, Zulai ta tarye su, suka shiga jirgin ƙasa, suka shiga bas, sai ya ga gidaje na raguwa, duwatsu na ƙaruwa. Hanya ta tsuke har ta zama ta mota ɗaya, in biyu suka haɗu sai ɗaya ta raɓe ta ba 'yar'uwarta wuri. Can Zulai ta ce, "Baba, mun iso."

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya ce, "Ina garin?"

"Ga shi nan kana tsaye a tsakiyarsa."

Gidaje ba su kai sittin ba, farare, sun jeru a bakin wani tafki. Shago ɗaya ne tak, shi ne gidan waya, shi ne wurin shan shayi, kuma matar da ke tsaronsa ita ce mai tuƙa motar 'yan makaranta. Makarantar kanta ɗalibai goma sha ɗaya. Bas sau biyu yake zuwa a rana, ranar Lahadi ko sau ɗaya. Akwai wata tsohuwar rumfar tarho ja a bakin titi, an cire tarhon an cika ta da littattafai, kowa ya ɗauka ya karanta ya mayar. Ɗan sanda sai ranar Alhamis yake leƙowa, shi ma shayi yake sha ya koma. Ruwan sama kuwa ba ya sallama, yaf-yaf-yaf safe da yamma. Ga wasu jajayen shanu masu gashi har ya rufe musu ido. Tumaki kuma ba a magana, sun ninka mutanen garin sau ashirin, ko'ina ka duba kan dutse fari fat.

Hajiya Kulu ta ce, "Kai, garin nan da daɗin zama. Shiru abinka."

Alhaji ya ce, "Ke dai yi shiru. Wannan ne zan koma in faɗa wa su Ɗanliti?"

A duk garin, waya ba ta kamawa sosai sai a kan bencin ƙofar shagon nan. Saboda haka kullum da hantsi Alhaji zai saɓa babbar riga, ya zauna can, ya kira majalisa. Ba ya nuna musu komai sai fuskarsa da sararin sama.

"Ɗanliti, birni ne, birni! Teku ce a gabana yanzu haka, jiragen ruwa sai kai da komowa suke." Kwalekwale biyu ne a ɗaure, ɗaya ma a kife.

"Ɗakin karatunsu kuwa ba a rufe shi dare da rana. Duk jikinsa gilashi!"

"Tsaro fa, Alhaji?"

"Tsaro? Tunda na zo ban ga ɓarawo ba. Shugaban 'yan sandan da kansa ya zo ranar Alhamis muka sha shayi."

A ɗaya gefen bencin kullum akwai wani dogon tsoho da hular ulu, yana karanta jarida, wata karya mai baƙi da fari kwance a ƙafarsa. Alhaji kan takure can ƙarshen benci saboda karyar, ya tattare rigarsa kar ta shafe shi. Tsohon bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya ɗaga masa hula. Wani lokaci jaridar takan ɗan girgiza. Alhaji ya ɗauka sanyi ne.

Ranar da abin zai faru, Hajiya da Zulai sun shiga shagon don sayen burodi, Alhaji na waje ya buɗe murya.

"Abu ɗaya ne ya ba ni haushi da mutanen nan, ba su iya kiwo ba. Ragwaye ne! Kare ke yi musu. Mutum ya tsaya yana busa, kare na ta wahala. Ni da nake yaro, tumaki ɗari uku nake kaiwa daji ni kaɗai. Fito ɗaya zan yi su jeru kamar sahun salla."

Ɗanliti ya ce, "Alhaji, yaushe? Ba tare muka tashi a kasuwa ba?"

"Lokacin da ka yi ciwon shawara ne, ba za ka tuna ba. Yanzu haka ga wani tsoho nan kusa da ni, kullum sai ya zo ya zauna yana kallon bakina. Koyo yake so, harshe ne ya raba mu."

Sai tsohon ya ninke jaridarsa a hankali. Ya cire tabarau. Ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai harshe bai raba mu ba. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutanen Funtuwa?"



Waya ta kusa suɓucewa daga hannun Alhaji. Daga cikinta kuwa sai ihu, "Wa ke magana? Wane ne wannan?"

Tsohon ya leƙo da fuskarsa cikin wayar. "Sunana Mardo, amma Fulani Dogo suke ce mini. Shekara goma sha tara na yi ina yi wa shanu allura tsakanin Zariya da Gusau. Na ci tuwon dawa har na gaji." Ya dubi Alhaji yana murmushi. "Kwana tara ina jin daɗin hirarka. Ban san tafkinmu ya zama teku ba sai a bakinka."

Majalisa ta kece da dariya har wayar na rawa.

Mardo ya ce, "Amma zancen kiwo ya shiga raina. Ranar Asabar muke bikin shekara na garin nan. Akwai gasar kora tumaki cikin shinge. Zan sa a ware maka biyar kawai, ba ɗari uku ba. Ka nuna mana yadda ake yi ba kare."

Daidai nan su Hajiya suka fito. Alhaji ya kama ƙugu. "Ai da na so, to bayan nan nawa..."

Zulai ta ce, "Baba, jiya na duba ka. Lafiyarka ƙalau."

Ya harare ta. "Kuma tumakin nan ba sa jin Hausa."

Mardo ya ce, "Tunkiya ko'ina yarenta ɗaya, Alhaji. Baa ce."

Ɗanliti ya ƙwala daga waya, "Hajiya, don Allah ranar ki riƙe mana wayar mu gani da idonmu!"

Hajiya Kulu ta ce, "In sha Allahu. Har caji zan cika mata." Shekara talatin da huɗu tana aure da shi, kiwon da ta san ya taɓa yi ɗaya ne, ragon layya, shi ma ya tsinke igiya sai a tashar mota aka kamo shi.

Baki shi ke yanka wuya. Alhaji ya kwana biyu yana saƙa da warwara, har ya samo dabara. Ya faki idon Hajiya ya buɗe jakarta, ya ɗebi kanwa da ƙuli-ƙulin da ta kawo wa Zulai tsaraba, ya cika aljihu. A ransa ya ce, ba dabbar da za ta ji ƙanshin kanwa ta ƙi bin mutum.

Asabar ta zo. Duk garin ya hallara a filin bayan makaranta. An kafa rumfuna, mata na sayar da waina irin tasu da zuma, wani ƙato sanye da zane mai gidan dara iya gwiwa yana busa wata algaita mai jaka. Aka sanar cewa babban baƙo daga Nijeriya zai nuna kiwo irin na ƙasarsu. Aka yi tafi raf-raf-raf.

Alhaji ya fito cikin farar shadda, ta sha aiki, hula a karkace, sanda a kafaɗa. Hajiya ta ɗaga waya, aka yi sa'a ranar ta kama a filin. A Funtuwa majalisa ta cika har da masu shayi da 'yan acaɓa, kai bisa kai.

Aka saki tumaki biyar. Shingen na can tsakiyar fili, ƙofarsa a buɗe.

Alhaji ya sa yatsu a baki zai yi fito. Fuuu! Iska ce kawai ta fito, da ɗan yawu. Tunkiya ɗaya ta ɗago kai, ta dube shi, ta ci gaba da cin ciyawa.

Ya matsa ya zaro kanwa a ɓoye, ya miƙa. Babbar cikinsu ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya masa baya. Ya jefa ƙuli-ƙuli. Hankaka ya sauko ya ɗauke.

Gumi ya karyo masa duk da sanyin nan. Ya daka musu tsawa, "Kai! Zo nan! Zo, na ce!"

To abin da Alhaji bai sani ba, Mardo da Hausa ya horar da karyarsa, don kar umarnin maƙwabta ya riƙa ruɗa ta. Tana kwance a gefen fili, ta ji an ce zo. Fit! Ta taso kamar kibiya.

Alhaji ya waigo ya ga karya ta nufo shi, kai a ƙasa, ido jajir. Ya yar da sanda. "Wayyo! Jama'a ku zagayo!"

Karya ta ji zagaya. Ta zagaye shi da tumakin gaba ɗaya, ta tattara su wuri guda.

"Ku kore ta! Kora! Kora!"

Ta ji kora. Ta fara aikinta.

Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Tumaki suka zabura, Alhaji ya zabura a tsakiyarsu, riga na tashi kamar tuta. Ya yi dama, karya ta tare. Ya yi hagu, ta riga shi. Hula ta yi nata wuri, takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo. Bai ga mafaka ba sai ƙofar shingen nan. Ya faɗa ciki, tumaki suka rufa masa baya, wani ya jawo ƙofa garam!

Mardo na dariya har da hawaye, ya ɗaga murya don ya tsayar da karyarsa. "Kwanta!"

Karya ta kwanta.

Alhaji ma ya kwanta. Rub da ciki, cikin ciyawa da kashin tumaki, ya rufe kai da hannu biyu.

Fili ya ɗauki tafi da sowa, mai algaita ya saki busa. Alƙalin gasar ya duba agogo ya ce tunda ake bikin nan ba a taɓa shigar da tumaki da sauri haka ba.

Can daga cikin waya muryar Ɗanliti ta fito, da ƙyar yake magana don dariya. "Hajiya! Hajiya, matso da wayar! Ina Alhajin yake? Mu dai farare shida muke gani a shinge."

Hajiya Kulu ta gyara mayafinta, ta miƙa wayar ta saman shingen, ta ce, "Ku kasa kunne da kyau, Malam. Wadda kuka ji tana salati, ita ce shi."